Maganin da ba ya rabuwa

Kai da kake cewa laifin jama'a ne da ba sa shanye magani, saurari wannan.

An yi wata masaniyar haɗa magunguna da ta ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakin bincike tana neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, domin ƙwayar cutar ta saba da tsohon har suna gaisawa. Ta haɗa ta zubar, ta haɗa ta zubar, sai da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali sannan ta dace da wani haɗi mai kashe ƙwayar tas. Aibinsa ɗaya: sai an daɗe ana sha, ba fashi. Abokan aikinta suka ce wannan ai ba aibi ba ne, a dai wayar wa mutane da kai. Ita kuwa ta san tsohuwarta. In yaro ya kwanta, tsohuwar takan ba shi magani har ya tashi zaune ya nemi tuwo, daga nan sai ta ƙulle sauran a bakin zane, saboda akwai ƙannensa, akwai ɗan maƙwabciya, kuma damina da sauranta. A irin wannan guntun magani cutar ke yin karatu, don ƙwayoyin da suka tsira su ke haifar masu taurin kai.

Masaniyar ta je gida, ta zauna kan tabarma, ta yi wa tsohuwar bayani dalla-dalla. Tsohuwa ta saurara, ta sa mata albarka, sannan ta ce, "To 'yar nan, in ɗan wani na kwance, ni kuma ga magani a hannuna fa?" Masaniyar ta miƙe ta yi mata sallama. Ta koma ta ajiye haɗin nan da zai sa duniya ta san sunanta, ta ɗauko aikin tun daga tushe, tana neman wanda za a haɗiye sau ɗaya a gama. Bayan shekaru ta zo ta ɗora 'yar ƙwaya guda a tafin tsohuwar. Tsohuwa ta jujjuya ta, ta gwada ta da farce. Masaniyar ta ce, "Ba ta rabuwa, Inna." Tsohuwa ta ce, "To, ba ni biyu."

Ka ga, su Hausawa tuni suka gama magana: hali zanen dutse.