Abin da Mumbari Bai Faɗa Ba

Tun da aka kafa doka cewa duk abin da minista bai faɗa a kan mumbarin majalisa ba to bai faru ba, ko takaba sai da yardarsa. Abin da ya kawo Kuluwa majalisar ke nan, ambaliya ta ci mijinta.

Minista ya dafa mumbarin nan mai adon azurfa, ya ce, "Ba a rasa rai ko ɗaya ba."

Mai gadi ya raɗa mata, "Inna, kin dai ji. Takaba ta ƙare."

"Ɗan nan, da hannuna na rufe masa ido."

"Rufa mana asiri, Inna."

A gida, maƙwabciyar da ta taya ta kuka ta sunkuyar da kai ta ce, "Ya maigida?"

Kuluwa ta dubi hannunta, ta ce, "Yana lafiya."