Jinkirin Hannun Hagu

Matar wani mai ganga tana falo, tana karanto wa mijinta ra'ayoyin masoya a intanet kan sabon kundin waƙoƙin ƙungiyarsu ta metal, wato kiɗan Turawa mai tsananin ƙara.

"Ji wannan, Abban yara. Wai da gangan hannunka na hagu yake jinkiri, kuma ba su taɓa jin gwaninta irinta ba. Har ƙirga bugun suke yi."

Ya yi dariya daga kicin. "Ni ban ma san na yi ba."

Sai idonta ya sauka kan wani sharhi da kowa ya tsallake: "Ni likitar ƙwaƙwalwa ce. Wannan ba salo ba ne, alamar ciwo ce a ƙwaƙwalwa. Ku kai shi asibiti yau."

Ba ta rufe baki daga salati ba, ta ji kofi ya tarwatse a ƙasa a kicin.