Ƙarfe Biyu Wuta Ke Ɗaukewa

"Malam, kada ka kawo min zancen sabon tsari! Wuta nake so!"

Ma'aikacin kamfanin wuta bai ko ɗago kai daga mita ba. Ga ƙofar ƙarfe kwance a gabana, rabin walda, mai ita ya ce in ban gama yau ba, zai kai wa wani. Sati uku ke nan, da ƙarfe biyu ta yi sai injina ya mutu.

"Kun ce rana za ta wadace mu. Ga ta nan tana gasa mutum. Ina wutar?"

"Maigida, yanzu daga masu farantan sola muke saye, mu raba wa layi. Taku daga rufin makarantar bayanku take."

"To ku gyara su mana!"

"Lafiyarsu ƙalau. Zo ka gani."

Muka zagaya. Inuwa ta lulluɓe farantan kaf. Na bi ta da ido har tushenta: benen da na ɗora kan shagona, inda amaryata za ta zauna wata mai zuwa.

Ya zaro biro.

"To, ƙarar wa kake kawowa?"