Shafi na Arba'in da Ɗaya

Ranar Litinin aka manna sanarwar a allon sashen malaman gona na jami'a, tsakanin jadawalin hutu da tallan wani mai gyaran babur. Kowane malamin gona sai ya yi kwas na mako biyu, ya ci jarrabawa. Wanda ya faɗi sau biyu, za a sallame shi kafin lokacinsa.

Dattijo, kamar yadda abokan aiki ke kiransa, ya shekara ashirin da tara yana zaga ƙauyuka, saura shekara uku ya yi ritaya da mutuncinsa. Ya karanta sanarwar, ya yi dariya. Mutumin da yake gane ciwon masara tun daga kan babur, wace jarrabawa ce za ta kayar da shi?

Dariyar ta ƙare ranar da aka raba littafin kwas ɗin. Yana cikin buɗawa ya tsaya cak a shafi na arba'in da ɗaya. Ya daɗe a kai, sannan ya rufe littafin ya tura shi can ƙasan jaka.

Shafin na wani tsohon gwaji ne da sashen ya yi a wata gona da ke ƙetaren kogi. A ɗakin ajiyar takardu aka tono rahoton, gara ta riga ta cinye bangonsa har da sunan wanda ya rubuta. Sakamakon ya ce masarar nan mai gajeren kara, ko an shuka ta mako shida bayan saukar damina, tana ba da buhu ashirin da takwas a kadada. Dakta, mai koyar da kwas ɗin, ji take da shafin nan kamar ɗan fari. Daminar bana, in ji ta, malaman gona ɗari biyu za su kai wa manoma wannan albishir.

Dattijo ya ɗaga hannu. "Dakta, da dai an sake gwadawa kafin a kai wa mutane."

Aji ya ɗauki dariya. Wani daga baya ya ce tsufa ne, sabon abu tsoro yake ba shi. Dakta ta yi murmushi, ta ce a iya shekarunta na bincike ba ta taɓa ganin gwajin da lissafinsa ya fita tsaf irin wannan ba.

A jarrabawar farko, tambayar shafin ita ce ta kwashe rabin maki. Dattijo ya rubuta layi ɗaya: kada a bar manomi ya shuka a makare. Da sakamako ya fito, sunansa ne na ƙarshe.

Abinci ya daina shiga. Matarsa ta gaji da ganinsa zaune a tsakar gida ya zabga tagumi, ta ɗauko littafin da kanta.

"Malam, shafi ɗaya ne ya gagare ka? Kawo in yi maka bita."

Tana riƙe da littafin, shi kuma yana kallon bango, ya jero mata lambobin daga sama har ƙasa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"To ai ka iya!" in ji ta. "Don Allah ka rubuta musu abin da suke so, ka karɓi takardarka. Shekara uku fa ta rage."

Gaskiya ta faɗa, kuma shi ma tsoro yake ji, tsoro sosai. Sallama a waɗannan shekarun abin kunya ne da ba ya wankuwa. Amma ya san manomansa. In malamin gona ya ce a jira, za su jira, su zuba ido ruwan farko yana wucewa, don dai mai littafi ne ya faɗa.

A jarrabawa ta biyu ya rubuta ashirin da takwas, da kyakkyawan rubutu. Ya zauna yana kallon lambar har mai tsaron jarrabawa ya ce saura minti biyar. Sai ya ja mata layi biyu ya soke ta.

Ranar Alhamis aka kira shi ofishin shugaban sashe. Takardar sallama na kan tebur, ba a sa mata hannu ba tukuna. Dakta na zaune a gefe, ta ɗora tsohon rahoton a cinya.

"Dattijo, ba na son sa hannu a takardar nan," in ji shugaban. "Ka ce kuskure ka yi, in nema maka zama na uku. Ko kuma ka ba ni hujja ɗaya."

Dattijo ya kalli takardar. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da shekara ukun nan, kuma ya ji ta har ta zo bakinsa.

"Ranka ya daɗe, ba a yi gwajin nan ba. A shekarar ruwa ya tafi da gada, wata uku babu mai ƙetarawa. Irin masarar ko fita daga ɗakin ajiya bai yi ba. Ofis kuma ya ce a kawo rahoto ranar Litinin, ko mutum ya nemi wani aikin."

Dakta ta miƙe, ranta a ɓace. "Ga kwanan wata, ga awo, ga komai a rubuce! Wa ya ba ka wannan labarin?"

"Babu wanda ya ba ni, Dakta," in ji Dattijo. "Ni na zauna a ɗakin da ke kusa da wannan, ina da shekara ashirin da shida, na ƙirƙiri lambobin nan ɗaya bayan ɗaya."