Maharbin da Ya Ƙi Gadon Dodo

Mutanen da suna da wani misali da suke bai wa duk wanda girma ya sauka a kansa. Suka ce an yi wani gari a bakin gulbi, gonakinsa duk suna ƙetare, mashigi kuwa ɗaya ne tak. A gurbin da ke gefen mashigin wani Dodo ya tare tun zamanin kakanni. Ba mai tsoma ƙafa a ruwa sai ya ajiye masa rabonsa a kan wani baƙin dutse: manomi dami, masunci kifin da ya fi girma, makiyayi ɗan akuya. Kowace shekara in ruwa ya janye, a ɗaure masa baƙin bajimi. Shekarar da aka makara, sai ya kife jirgi da mutanen ciki.

Ana nan sai wani maharbi ya sauka garin, baƙo, ba dangin iya ba na baba. Ya tarar da wata tsohuwa a bakin gaɓa tana share hawaye, tana hangen tsuntsaye suna cinye mata gero a ƙetare, ita kuwa ba ta da abin ɗorawa a kan dutse. Ya tambaya, aka ba shi labari. Sai ya wasa mashinsa, ya ɗaure warki, ya faɗa ruwa. Tun da hantsi gulbi ke tafasa kamar tukunyar talge, har rana ta karkata. Can sai ruwan ya yi jajawur, ya kwanta. Maharbi ya fito yana jan kan Dodo, haƙarƙarinsa a tsage, mashinsa a karye. Mata suka rangaɗa guɗa, makaɗa suka yi ta zuba masa kirari har muryarsu ta dushe.

To, mutanen garin nan ba su san wata hanyar godiya ba sai wadda suka gada. Kafin raunin maharbi ya warke, dami da kifi da 'yan awaki sun cika ƙofar bukkarsa, domin ba mai ƙetarewa sai ya ajiye. Shi kuwa ya ci, ya kuma ji daɗi, yana cewa a ransa ai da jininsa ya saya. Sannu a hankali aka daina haɗa ido da shi. In ya doso dandali sai hira ta mutu, a dare masa hanya, shi a zatonsa duk girmamawa ce. Da ruwa ya janye, sai ga baƙin bajimi a ɗaure a jikin dutsen nan, ana jiran ya zo ya karɓa.

Yana kan hanyar zuwa ya bi ta bayan wani danga, sai ya ji muryar tsohuwar nan tana fama da jikanta mai rigima: "Kai, yi shiru, kar maharbi ya ji ka ya zo ya ɗauke ka!" Nan take yaron ya haɗiye kukansa. Maharbi ya tsaya cak. Ya san maganar, da sunan Dodo ake yin ta lokacin da ya zo garin. Ya shafa tabon haƙoran da ke jikinsa, ya gane ashe Dodo bai mutu ba, fitowa kawai ya yi daga gurbi ya tare a bukka.

Ya sa aka tara gari a bakin mashigi. Ya yanka bajimin, ya ce mahauta su raba gida gida, kason farko na tsohuwa. Sannan ya sa kafaɗa ya mirgina baƙin dutsen, dutsen ya faɗa gurbi tsundum. Ya ce, "Jama'a, na kashe shi ne don ku wuce, ba don in gaje shi ba. Ruwa na Allah ne. Wanda ya ƙara kawo mini ko zangarniya ɗaya, ni da shi." Wani dattijo ya ce, "To baƙo, da me za ka ci?" Ya ce, "Da abin da kuke ci da shi, baba. A ara mini fartanya." Aka tuntsire da dariya, kuma an ce tun kafa garin ba a taɓa dariya a bakin ruwan nan ba sai ranar.

Haka ya zauna cikinsu, da damina noma, da rani farauta, in gulbi ya kawo ya saɓa tsofaffi a kafaɗa ya ƙetarar da su. Ranar da ya rasu, bai bar ɗa ba bai bar jika ba, amma sai gardama ta tashi a kan gawarsa. Masunta suka ce nasu ne, a ruwa ya yi suna. Maharba suka ce a dubi tabon jikinsa. Manoma suka ce da fartanyarsu ya tsufa. Har mutanen ƙetare suka iso da nasu likkafanin. Da aka rasa mai haƙura, sai kowa ya sa hannu a makara, aka binne shi a bakin mashigi, inda duk mai wucewa zai yi masa addu'a. Har gobe kowace zuri'a a ƙasar cewa take jininta ne. Ƙoƙon kan Dodo kuwa yana can yashe a rairayi, ba wanda ya taɓa yarda ko maƙwabtaka ya haɗa da shi.

Ƙarfi dai duk su biyun suna da shi, kuma abinci ɗaya aka miƙa musu a kan dutse ɗaya. Shi ya sa Hausawa suka ce, nagari na kowa, mugu sai mai shi.