Faifan Huhun Baba

Yaya yana riƙe da faifan da aka ba mu a asibiti, yana jujjuya kwamfutarsa mai tambarin tuffa, yana neman inda zai zura shi. Babu wurin.

Hoton huhun Baba ne a ciki. Likita a Yamai yana jira mu aika masa, don ya faɗa mana ko tarin nan da Baba yake yi ƙurar ramin Akokan ce, inda Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haƙar yuraniyom.

Shekara da shekaru muna tsiya ni da Yaya kan kwamfuta, don tawa tsohuwa ce mai Windows. Shi ya ce 'yan Windows matsiyata ne masu kiwon ƙwayoyin cuta, ni in ce 'yan tuffa 'yan gayu ne masu sayen tambari. Baba ne alƙalinmu, kullum da dariya yake yanke hukunci.

"Ɗauko akwalar taka," in ji Yaya.

Na zura faifan. Tsohuwar ta yi gurnani, ta buɗe. Haƙarƙari ya bayyana, a gefen dama kuma ga wani farin abu kamar dunƙulen hannu. Ba mu iya karanta irin wannan hoto ba, amma mun san farin abin nan ba alheri ba ne. Yaya ya damƙe kafaɗata.

Daga tsakar gida Baba ya gama tari, ya ɗaga murya: "To, 'yan rigima, yau ta wa ta ci? Tuffa ko akwala?"

Na daɗe ina jiran wannan rana. Na dubi Yaya, na rufe murfin kwamfutar a hankali.

"Babu wadda ta ci, Baba. Tawa ma ta ƙi buɗewa."