Ƙuri'a Arba'in Kacal

"Ƙuri'a arba'in kacal, kuma ka haƙura?" Ladan ya tambayi Baturen da ya ɗauko a tasi daga JFK. Shekara goma sha biyu mutumin yana majalisar Kanada, makon jiya ya sha kaye.

"Ba kotu, ba sauya sheƙa? Lallai kun iya siyasa! Wane ƙato ne ya kayar da kai?"

"Mace ce, nas. In ta fara magana, kowa tsit yake yi."

Ladan ya tuntsire da dariya. "Mace! Mu gan ta."

A danja Baturen ya miƙo masa waya, hoton matar na kai.

Habsatu ce. Matar da Ladan ya saka a unguwar Tremont, wai surutunta ba zai kai ta ko'ina ba.